Maganin Bijimi a Furar Baba

Matameye, 21 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Alhaji Harisu, a Damagaram,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, ina gaida Hajiya Aziza da yara gaba ɗaya, musamman 'yarka Ilham da na ji ana maganar aurenta. Allah ya sa alheri ne. Mu nan ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka, gero ya tsiro.

Za ka yi mamakin karɓar takarda daga hannun Shekara direba alhali ga waya a aljihun kowa. Dalili shi ne in na kira ka, kafin in gama gaisuwa ka ce ga baƙi a shago, ka kashe. Takarda kuwa ba yadda za ka yi ka katse ta. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Maganar Baba ce. Ruɗewar ta wuce yadda ka bar shi da ƙaramar salla. Yanzu kowace safiya a wurinsa ranar kasuwa ce. Da gari ya waye sai ya tashi yana neman sandarsa da hularsa, wai zai tafi kara, kasuwar dabbobi, Fulani sun kawo shanu suna jiransa. Shekara tara rabonsa da dillanci, amma je ka gaya masa haka. In na tare ƙofa sai ya ce ni wace ce da zan hana shi neman abinci. Ranar Litinin ya ɗaga sandar ya sauke mini a kafaɗa, har yau ba na iya ɗaga bokiti da hannun dama. Ban yi fushi ba, bai san ni ce ba. Ranar Laraba kuwa na juya baya ina dama koko, ya fice. Sai da rana ta take aka samo shi a hanyar Yauri, ba takalmi, yana taya jakin wani bawan Allah. Mai jakin ne ya ɗoro mana shi har ƙofar gida.

Ga noman farko ya zo. Ka san ni kaɗai ce a gidan nan tun da maigidana ya rasu na dawo, shekara shida ke nan. In na tafi gona wa zai tsare shi? In na zauna tsaronsa ciyawa ta cinye geron, me za mu ci? Jiya na rasa yadda zan yi, na ɗaura masa zane a ƙugu, na ɗaure ɗaya bakin a jikin itacen bedi na tsakar gida, na ajiye masa ruwa da tabarma, na je na nome abin da na iya. Da na dawo na tarar ya gaji da ja, yana zaune yana kuka. Ni ma na ajiye hauya na zauna na taya shi.

Abu biyu nake roƙo, ka zaɓi ɗaya. Ko ka zo ka ɗauke shi zuwa Damagaram a nuna shi ga likitan da ya san ciwon tsufa, ya zauna wurinka ko zuwa girbi ne, ko kuma ka samo babban mutum mai haƙuri ya riƙa zama da shi in na fita. Ba shinkafa nake nema ba, don Allah kada ka aiko shinkafa. Tsorona ɗaya ne, Yaya, kada wani abu ya same shi a hannuna. Mu biyu ya haifa, amma ni kaɗai za a kalla.

Ka huta lafiya. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Rabi'atu


Damagaram, 25 ga Yuni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ƙanwata Rabi,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa da tambayar jikin tsoho, takardarki ta iso, na karanta, na kuma fahimta. Allah ya saka miki da Aljanna, ladar hidimar iyaye tana wurin Allah.

Amma akwai abin da ya ɓata mini rai. Kafin takardarki ta zo labarin ya riga ta. A tasha wani ya tare ni a gaban jama'a yana cewa, "Alhaji, ashe tsohonku ɗaure shi ake yi?" Rabi, mutumin da a da ba a sallama bijimi a karar Matameye sai an jira zuwansa, shi za ki ɗaure a gindin itace kamar akuya? Kada in sake jin wannan.

Maganar kawo shi nan ba za ta yiwu yanzu ba. Kin san gidan Alhaji Yasin ne suke nema wa ɗansu Adnan auren Ilham. Mutane ne masu bincike, kuma kullum matansu suna shige da fice a gidana. Tsoho ya fito musu ba riga yana taya awaki, me kike so a ce? Shi kuma mai zama da kike magana, bare ne, abin da ya gani a cikin gida shi zai kai bakin kasuwa.

Na ba Shekara buhun shinkafa da sabulu, da wani ƙaramin ƙulli a baƙar leda wanda ke kaɗai za ki kwance. Kin san kwalbar. Ita ce irin wadda tsoho da kansa yake aiki da ita in an kawo masa bijimi mai faɗa, ya yi masa allura da safe, kafin masu saye su zo ya yi laushi kamar ba shi ba. Har yau da ita muke loda shanu a kamiyo. Ke ba allura za ki yi masa ba, ɗan kaɗan ne kawai a fura kafin ki tafi gona, ya kwanta ya huta, ke ma ki samu kanki. Na tambayi wani wanda ya san harkar, ya ce ba komai. Shekara talatin ina aiki da ita ban ga bijimin da ta kashe ba.

Maganar nan ta tsaya tsakanina da ke. Irin wannan abu ba a kiran sunansa, ko a waya, ko a gaban iyali.

Allah ya ƙara haƙuri. Wassalam.

Yayanki,
Alhaji Harisu Inusa


Matameye, 30 ga Yuli

Yaya Alhaji,

Sallama da gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Shinkafar da na ce kada ka aiko ta iso. An gode.

Kwalbarka kwana huɗu ta yi a saƙale a rufin ɗaki ban taɓa ta ba. A na biyar na kalli gonar maƙwabta fes, tawa ba ka bambance gero da ciyawa, na rufe ido na zuba. Yaya, ta yi aiki. Ko rabin awa ba a yi ba ya zame a kan tabarma, sandar ta faɗi daga hannunsa. Na gama noman farko, ina cikin maimai. Maƙwabta sai barka suke yi mini. Habsatu ta gidan gabas har tambayata take wane malami ne ya yi masa rubutu, ita ma tana so a yi wa surukarta. Na ce mata daga Damagaram aka aiko. Ka ga ban yi ƙarya ba.

Amma bari in gaya maka irin hutun da yake yi, tun da ba ka nan. Bakinsa a sake yake, miyau na bin gemu. Hannunsa sanyi ƙalau ko da tsakar rana. In na kara kunne a ƙirjinsa sai in jira, in jira, kafin in ji bugu na gaba. Sallar azahar ta wuce shi, la'asar wani lokaci ta wuce shi, mutumin da ko a cikin ruɗewa bai taɓa jin kiran salla ya zauna ba. Da yamma in ya farfaɗo sai ya dube ni ya ce, "Yarinya, wa ya doke ni?" Me zan ce masa?

Ka ce ba ka ga bijimin da ta kashe ba. Ni kuwa na tuna mutumin Kurni da ya sayi san huɗa a hannun Baba, yana murna ya samu mai sanyin hali. Bayan kwana biyu maganin ya sake shi, ya karya galma ya karya wa mutumin haƙarƙari. Ya zo ƙofar gidan nan yana dafe da ƙirji, Baba ya ce masa ai da idonka ka gan shi kafin ka saya. Kai kana tsaye a bayansa kana dariya, ni ina leƙe ta katanga. Da wannan kwalbar aka ciyar da mu, ban musa ba. Ban dai taɓa zaton za ta zagayo kan mai ita ba.

Makon jiya likitan dabbobi ya zo unguwa yi wa awaki rigakafi. Na ja shi gefe na ce, in mutum ya sha irin maganin da ake kwantar da shanu da shi, me zai same shi? Ya ce wannan ba a yi shi don ɗan Adam ba, yana danne numfashi yana rage bugun zuciya, kuma babu wani ma'auni da za a ce shi ne daidai ga mutum, balle tsoho. Shi wanda ya san harkar da ka tambaya, wane ne? Ɗan kamasho ko mai loda kamiyo?

Na daina ba shi. A rana ta uku ya fice ta ƙofar baya, aka tsamo shi a bakin tafkin bayan gari, ruwa har ƙugu, wai zai shayar da shanu. Sai na koma wa kwalbar. In na ba shi ina tsoro, in na hana shi ina tsoro, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa tun da ka ce kada a kira sunanta. Ka zo, Yaya. Tafiyar ko awa biyu ba ta kai ba.

A gaida Hajiya. Sai na ji daga gare ka.

Rabi'atu


Damagaram, 12 ga Agusta

Zuwa ga Rabi,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina fatan tsoho ya kwana lafiya.

Ban ji daɗin zuwanki wurin likitan dabbobi ba. Ma'aikacin gwamnati ne, bakinsa ba naki ba ne. Su aikinsu ke nan tsoratar da mutane. Maganar mutumin Kurni kuma ban ga abin da ya kawo ta ba, tsoho yana raye kina tono masa tsohon zance.

Kin ce in zo, to ga ni nan tafe. Gidan Alhaji Yasin sun ce ba za a tsayar da rana ba sai sun zo sun gaida kakan yarinya sun nemi albarkarsa, kamar yadda aka saba. Na so in kauce, suka nace. Za su zo ranar Asabar, sha tara ga wata, maza shida a mota biyu. Na gaya musu tsoho ya manyanta, ba ya son yawan magana, kullum yana cikin zikiri. Abin da nake so su gani ke nan, ba wani abu daban ba.

Zan turo Ilham ranar Alhamis da kayan cefane, da babbar riga da hula da turare na tsoho, ta taya ki girki. A share zaure a shimfiɗa darduma. Ni zan riga baƙin isowa.

Ki tabbata a ranar yana cikin natsuwa. Kin gane abin da nake nufi. Da an gama bikin nan, in Allah ya yarda, da kaina zan ɗauke shi in kai shi asibiti, na yi miki alkawari. Awa biyu kacal nake roƙo a wurinki, mutuncin gidanmu da auren 'yarki suna hannunki.

Wassalam.

Alhaji Harisu


Matameye, 29 ga Agusta

Yaya,

Ina yi maka gaisuwa, ina kuma yi maka ta'aziyyar mahaifinmu, tun da har ka koma ba mu samu zama mu biyu ba. Kai kana zaure da masu gaisuwa, ni ina cikin gida da mata, ran sadakar uku da yamma na ji tashin motarka. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ba ka tambaye ni abin da na yi ran Asabar ɗin ba. Ni zan faɗa, don ya hana ni cin abinci.

Da safe na dama masa fura na zuba kamar yadda na saba. Wallahi har ragewa na yi, don ina so ya iya amsa gaisuwa ko da da kai ne. Ya sha rabi ya ture sauran. Da hantsi yana kishingiɗe yana 'yan surutansa, ido biyu. Ka iso, ka ce in koma madafa in ji da tukwane, kai za ka sa masa riga da kanka. Ka san na ji daɗi? Shekara shida ba ka taɓa sa masa ko hula ba. Na ce wa Ilham, yau babanki ya tuna yana da uba.

Baƙi suka zo. Daga bakin ƙofa ina jin Alhaji Yasin yana cewa, "Masha Allah, dubi natsuwa, wannan tsufa ne mai albarka." Da na kawo kwanuka bakin zaure na leƙa. Kun jingina shi da bango kun tokare shi da matashi biyu, kansa a sunkuye, carbi a rataye a yatsunsa. Ƙuda ya sauka a gefen idonsa yana yawo, bai ko ƙifta ba. Leɓensa ya yi toka-toka. Na aika aka kira ka, na ce Yaya, Baba ba daidai yake ba. Ka ce in rufa maka asiri, su gama cin abinci. Suka ci shinkafa, suka ci kaji, aka kawo shayi, aka yi zancen farashin wake da hanyar Kano, aka ɗaga hannu aka yi doguwar addu'a, har wani ya kama hannun Baba ya shafa a kansa yana neman albarka. Ni ina tsaye a bayan ƙyaure da ludayi a hannu. Da na yi kururuwa a lokacin da an kai shi da wuri. Ban yi ba, na ji kunyar baƙi.

A asibiti lokotoro ya ɗaga fatar idonsa ya haska, ya ce wannan ba tsufa ba ne, me ya sha? Sau uku ya tambaya. Ya ce in ya san abin da ke jikinsa zai san ta inda zai ɓullo. Na dube ka, ka ce fura kawai. Ni kuma na sunkuyar da kai na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Lahadi da la'asar ya cika, bai sake buɗe ido ba.

Tun ranar nake juya abin. Ko hannuna ne ya yi rawa? Ko na zuba sau biyu ban sani ba, saboda hankalina yana kan girki? Na ɗaga kwalbar a rana na duba, ban ga ta ragu fiye da kima ba, amma ni yanzu ban yarda da idona ba. Kai ka san maganin nan shekara talatin. Don girman Allah ka gaya mini, abin da mutum ya saba sha wata biyu zai iya tashi rana ɗaya ya kashe shi?

Gari kuma ya fara magana. Ban san ko daga asibiti ta fito ba ko daga likitan dabbobi. Habsatu da take neman malamina, jiya a rijiya ta janye guganta ta ba ni wuri ba ta ce uffan ba. Wata ta ce a bayana, "Ta gaji da shi ne." Gaskiya ne na gaji, Yaya. Amma ban so ya mutu ba.

Ka amsa mini tambayata, ko layi biyu ne.

Ƙanwarka,
Rabi'atu


Damagaram, 3 ga Satumba

Zuwa ga Rabi,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan tsoho, ya ba mu haƙurin rashinsa. Kwanansa ne ya ƙare, babu mai ƙara wa wani ko daƙiƙa.

Game da tambayarki, hannu yana iya zarcewa, musamman ga wanda ya gaji kuma hankalinsa ya rabu. Ba na zarginki. Ni a matsayina na babba na yafe miki, kuma ba zan bari kowa ya kai maganar nan gaban jandarma ba.

Sai dai haƙƙin rai ba abin wasa ba ne. Na tambayi wani malami, ban kama suna ba, na ce mace ce ta ba majinyaci magani ya zarce. Ya ce kisan kuskure ne, kaffararsa azumin wata biyu a jere, in an sha ɗaya ba da uzuri ba a sake daga farko. Shawarata ki fara da wuri ki sauke nauyin. Kwalbar kuma ki jefa ta a masai.

Gidan Alhaji Yasin sun nuna karamci, sun ce sun yi sa'a da suka samu albarkarsa a ranarsa ta ƙarshe. An ɗaga biki zuwa ƙarshen Oktoba. Tun da ana 'yan maganganu, kuma za ki kasance cikin azumi, ina ganin ba sai kin wahalar da kanki da zuwa ba.

Allah ya karɓa. Wassalam.

Alhaji Harisu


Damagaram, 4 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggona Rabi,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina yi miki sannu da jiki. Gwaggo, ni ce Ilham. Wannan ce takarda ta uku da na rubuta, biyun farko na yayyaga. Na roƙi Shekara ya sa ta a hannunki, kada ya ba kowa.

Da Abba ya dawo daga addu'ar arba'in ya ce kina lafiya. Shekara ne ya gaya mini gaskiya, wai kin faɗi a gona kina yankan gero da azumi a bakinki, aka yayyafa miki ruwa, kika ƙi sha. Ya ce kin rame har bai gane ki ba. Tun da na ji ban iya haɗiye abinci ba, don na san abin da ba ki sani ba.

Ran Asabar ɗin, bayan Abba ya ce ki koma madafa, kin tuna kin aike ni in kai turare da hula? Na je bakin ɗakin Kaka na tsaya a bayan labule saboda na ji hayaniya. Kaka yana tsaye. Ya ji ƙarar mota a waje, yana cewa shanu sun iso, a ba shi sandarsa. Abba yana ƙoƙarin zura masa riga, shi kuma yana ture shi yana cewa, "Kai wane ne? Fita mini daga ɗaki." Sai wayar Abba ta yi ƙara, na ji yana cewa to, kun shigo gari ke nan. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalba, ba taki da na ga kina zuba masa a fura ba, sabuwa ce, a gabana ya ɓalle bakinta. Ya tuttula a sauran furar da ke cikin kwano, bai auna ba. Ya riƙe kan Kaka ya ɗura masa. Kaka ya hango ni ta gefen labule ya ce, "Amaryata, kina kallo?" Kin san haka yake kirana tun ina ƙarama. Na ajiye turaren a ƙasa na gudu.

Wallahi Gwaggo a lokacin na ɗauka maganin farmasi ne. Sai bayan mun dawo, ina share motar Abba, na ga kwalbar a aljihun ƙofa. Akwai hoton saniya da doki a jiki, an rubuta da Faransanci cewa na dabbobi ne kawai. Saura kaɗan a ciki. Na kai wa Mama, ta karɓe ta ce in ina son aurena in kama bakina.

Ban sani ba ko Abba ya san kin riga kin ba shi da safe. Abin da na sani bai tambaye ki ba, ke ma ba ki faɗa masa ba, kowa yana kunyar kiran sunan abin.

Na yi shiru kwana arba'in da shida saboda ina son Adnan, kuma ina tsoron Abba. Ba ni da wani dalili da ya wuce wannan, kuma na san ba dalili ba ne. Kina azumi ina gwada ɗinkin biki. Ki yafe mini. Don Allah kada ki ce ni na faɗa, amma ba zan iya barinki ki ci gaba da cewa ke kaɗai ce ba.

'Yarki,
Ilham


Matameye, 7 ga Oktoba

Alhaji Harisu,

Sallama.

Na tambaye ka don girman Allah, ka ce hannu yana zarcewa. Gaskiya ka faɗa, ba ka dai ce hannun wa ba. Na san da kwalba ta biyu, na san da sauran furar.

Yau azumina talatin da uku. Zan cika sittin, don ni na fara zubawa, ni na tsaya a bayan ƙyaure, ni na yi shiru a gaban lokotoro. Wannan rabona ne. Yafiyar da ka yi mini kuwa ka riƙe abarka. Ka koma wurin malaminka ka sake tambaya, wannan karon ka ce namiji ne, ka gaya masa har abin da namijin ya rubuta wa ƙanwarsa bayan an rufe uban.

Ba zan je jandarma ba, ba zan ɓata auren yarinya ba, ba kuma zan zo ba. Kada ka sake aiko mini da komai.

Kada ka wahalar da kanka neman wanda ya gaya mini. Ka dai sani a cikin gidanka an ga yadda ake yi wa uba in ya zama abin kunya, kuma a hannun waɗanda suka gani za ka tsufa.

Allah ya ba ka tsawon rai.

Rabi'atu